Hunturu da wutar daji: hasashen da ɗan kwana-kwana ke buƙata

Da zarar ruwa ya ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, yawancin mutanen Kano sukan daina bi ta kan hasashen yanayi. Manomi ya ga abin da zai gani, saura girbi. Wanda ya rage yana tambaya shi ne mai tikitin jirgi, da ke fargabar kada hazo ya hana tashi daga filin Malam Aminu Kano. Alhali daga Nuwamba zuwa Mayu akwai waɗanda suka fi shi buƙatar sanin abin da gobe za ta zo da shi: ɗan kwana-kwana, da ma'aikacin gandun daji, da dagacin da karan garinsa da harawarsa ke jibge a bakin gona.

Kimanin kashi biyu cikin uku na duk ƙasar da wuta ke ci a duniya kowace shekara a Afirka take, kuma mafi yawanta wutar ciyawa ce irin tamu, ba ta manyan dazuzzukan Amurka da Kanada da ake nunawa a talabijin ba. Kusan duka mutum ne ke kunna ta. Mafarauci mai neman gafiya, mai cin zuma da ya yar da bakin wuta a gindin itace, makiyayi mai son sabon toho, manomi mai sharar gona, mai gawayi, direban da ya cilla guntun taba a hanyar Falgore. Tun 2011 hukumar kare muhalli ta tarayya, NESREA, take da ƙa'idojin hana ƙona daji, amma masu ashana ba su ƙare ba. Abin da ke raba wutar da ta mutu bayan taku ashirin da wadda ta ci rumbunan gari shi ne yanayin ranar, kai, yanayin sa'ar ma.

A fara da danshi. Busasshiyar ciyawa kamar soso take, tana shan ruwan da ke cikin iska, tana kuma amayar da shi. Masana gobarar daji sun kasa abin da wuta ke ci gwargwadon kaurinsa. Duk abin da bai kai milimita 6 ba, kamar kyasuwa, ganyen gamba, bambaro da ƙaiƙayi, cikin kamar sa'a guda yake bin danshin iskar da ke kewaye da shi. Tsinke da ƙirare masu kaurin milimita 6 zuwa 25 sai sun yi kamar sa'a goma. Reshe mai kaurin damtse kwana huɗu, gungume kuwa makonni. Ke nan ciyawar da ta ƙi kamawa da asuba ba ita ce ciyawar azahar ba, ko da kuwa ba wanda ya taɓa ta.

Ga yadda lissafin yake. Ranar hunturu a Kano, a ce zafi da asuba digiri 14 ne a ma'aunin Selshiyos, danshin iska kashi 40 cikin ɗari. Da azahar zafi ya kai 31. Ko ɗigon ruwa bai bar iskar ba, amma danshinta ya koma kashi 14, domin iska mai zafi ta fi iya ɗaukar tururi, kuma duk ƙarin digiri 11 yakan raba danshin gida biyu. Masu aikin fili suna da wani ƙiyasi na gaggawa: raba danshin iska da biyar, ka sami danshin ciyawa. Kashi 40 ya ba ka 8, kashi 14 ya ba ka ƙasa da 3. Wutar ciyawa takan gaza tafiya idan danshin ciyawar ya kusa kashi 20. A kashi 3 kuwa tartsatsi ɗaya ya isa.

A nan ne matsalar ɗauko ma'aunin wasu ƙasashe take. Akwai ƙa'idar da 'yan kwana-kwanan ƙasashe da dama suka haddace, ta talatin uku: zafi sama da digiri 30, danshi ƙasa da kashi 30, iska sama da kilomita 30 a sa'a. Idan ukun suka haɗu, ranar ta ɓaci. To mu a Kano biyun farko kyauta muke samun su kusan kullum daga Fabrairu zuwa Afrilu, na danshin ma tun Nuwamba. Haka ma'aunin hatsarin gobara na Kanada, wanda shi ne ya fi yaɗuwa a duniya, kuma shi ake gani a taswirar hasashen gobara ta GWIS da Turai ke fitarwa kyauta a intanet. Abu huɗu yake ci, duk na tsakar rana: zafi, danshi, ƙarfin iska, da ruwan da aka yi cikin sa'a 24. An gina shi ne don dajin da ƙasarsa ke da tarin ruɓaɓɓen ganye mai kauri, shi ya sa ɓangarorinsa biyu ke ƙirga yadda wannan tarin ke bushewa a hankali. A wurin da za a yi wata shida ba ɗigon ruwa, waɗannan lambobi hawa kawai suke yi ba saukowa, taswira ta yi jawur tun Disamba ta tsaya a haka. Gargaɗin da ake yi kullum ba mai jin sa. Idan za a yi amfani da ma'aunin nan a Kano, ɓangaren da ke auna bushewar ƙananan ciyayi da wanda ke haɗa shi da iska don ƙiyasta saurin yaɗuwa su ne abin dubawa. Na Ostareliya, wanda wani masani mai suna McArthur ya tsara don filin ciyawa, ya fi kusa da mu, saboda yana tambayar kashi nawa na ciyawar ya bushe. Afirka ta Kudu kuma tana da nata mai launi biyar, shuɗi, kore, rawaya, ruwan goro da ja, daga sifili zuwa 100. Ko wanne aka ɗauka, sai an zauna da bayanan yanayin Kano na shekaru an ɗaga iyakokinsa, yadda ja zai fito a 'yan ranakun da suka fi muni kawai.

Tun da bushewa tabbas ce a wurinmu, abin da ke bambanta Litinin da Talata iska ce. Bincike kan manyan gobarar ciyawa ya ba da ƙiyasi mai sauƙin riƙewa: a fili mai busasshiyar ciyawa ƙurmus, goshin wuta yakan yi gudun da ya kai kamar kashi ɗaya cikin biyar na gudun iska. Iskar kilomita 30 a sa'a tana nufin wuta mai cin kilomita 6 a sa'a, wato ta kai saurin mutum mai tafiya da hanzari, balle mai kora shanu ko mai goyo. Idan akwai hawa, duk digiri 10 na gangare yakan ninka gudun, abin da ya shafi duwatsun Doguwa da Riruwai fiye da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Dambatta. Kuma wutar da ba a taɓa ba, idan lokacinta ya ninka, faɗin da ta ci ninki huɗu yake yi. Jinkirin rabin sa'a wajen fitar da mota ba ƙaramar asara ba ce.

Iskar hunturu tana da ɗabi'ar da ya kamata duk mai wannan aiki ya sani. Da dare ƙasa takan huce, iskar da ke kwance a kanta ta yi sanyi ta yi nauyi ta lafa. A samanta kuwa, 'yan ɗaruruwan mita daga ƙasa, iskar arewa maso gabas tana kwarara da ƙarfi kamar kogi, ba abin da ke riƙe ta. Da rana ta ɗaga ta gasa ƙasa, sai sama da ƙasa su gauraya, ƙarfin nan ya sauko. Shi ya sa asuba takan yi tsit, sannan da hantsi, wajen ƙarfe tara zuwa sha ɗaya, iska ta taso tana kaɗa kwanon rufi. Wannan saukowar ce ma ke tayar da ƙurar kwarin Bodele a Chadi, wadda ke iso mana a matsayin buji. Manomin da ya duba gari bayan sallar asuba ya ga ko ganye ba ya motsi, ya ce bari ya ƙona sharar gona kafin rana ta yi, shi ne wanda wuta ke ƙwace wa da hantsi. A lokacin, raɓa, idan ma an yi ta, ta riga ta tashi. Danshi kuma ya ci gaba da sauka har wajen ƙarfe biyu zuwa huɗu. Saboda haka muguwar tazara a Kano doguwa ce, daga hantsi har la'asar: farkonta iska ce mai laifi, ƙarshenta bushewa. Hasashen da zai ce "gobe za a yi iska matsakaiciya" bai faɗi komai ba. Ana son ƙarfe nawa za ta taso, daga ina, ƙarfinta nawa, bugunta mafi ƙarfi nawa, ƙarfe nawa za ta kwanta.

Hunturu duk da haka yana da kirki ɗaya: ba ya yawan sauya alƙibla. Ka san wuta kudu maso yamma za ta nufa, ka san inda za ka tsaya. Bazara ce maciya amana. Daga Afrilu zuwa Mayu layin da iskar hamada da iskar teku ke haɗuwa yana hawowa arewa, yana kai da komo a kanmu, sai a kwana da iskar kudu maso yamma a yini da ta arewa maso gabas. Ga kuma hadarin farko-farko, wanda sau da yawa ba ya sauke ruwan kirki. Ruwan yakan ƙafe tun a sama, ya sanyaya iska, ta faɗo ƙasa ta bazu da ƙarfi, ita ce iskar gaban hadari mai tayar da jar ƙura daga gabas tana yaye rufi. Tsawa kuma tana iya faɗawa kan busasshen daji.

Me sauyin alƙibla ke yi wa wuta? A ɗauka ta yi sa'a guda tana gudu, tsawonta ya kai kilomita biyar, faɗin goshinta bai wuce rabin kilomita ba. Masu kashewa suna aiki a gefenta, inda harshen ya yi ƙasa-ƙasa, kuma daidai ne su tsaya can. Iska ta juya ta bugo daga ɗaya gefen. Nan take gefen nan mai kilomita biyar ya zama goshi, mutanen da ke wurin kuma su ne a gabansa. A ranar 30 ga Yuni 2013, a Yarnell da ke jihar Arizona ta Amurka, iskar da ta fito daga hadari ta juya wuta, ƙwararrun masu kashe gobara 19 suka mutu. A ranar 6 ga Yuli 1994, a jihar Kolorado, mutum 14 ne suka mutu a kan dutse da iska ta taso ba zato. A wannan ta biyun masu hasashe sun ga iskar tana tafe, sun kuma fitar da gargaɗi, amma bai kai ga waɗanda ke bakin wutar ba. Gemun ɗan'uwa ne ya kama, namu ya kamata mu shafa wa ruwa, domin irin iskar Yarnell ita ce muke gani duk bazara.

Amurkawa suna tura masanin yanayi ya tare a sansanin masu kashe babbar gobara da na'urorinsa, yana ba su hasashen wannan kwari da wannan tudu, ba na jiha gaba ɗaya ba. Kwaikwayon wannan kai tsaye ya fi ƙarfin aljihunmu. Amma ƙashin bayan tsarin ba tsada gare shi ba: mutum ɗaya a ofishin hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, na Kano da lambarsa ke hannun shugaban 'yan kwana-kwana da na gandun daji, wanda idan ya ga hadari ya haɗu a gabas zai ɗaga waya ya ce saura minti arba'in, a janye mutane. Shi ma mai karɓa ya maimaita abin da ya ji, a tabbatar saƙon ya sauka har kan na ƙarshe a layi.

Kayan aikin ma akwai su fiye da yadda ake zato. Tashar filin jirgin Kano tana fitar da rahoton yanayi na matuƙa a kai a kai, kowa na iya ganinsa a intanet da lambar DNKN. Akwai alƙiblar iska a ciki, da ƙarfinta da ma'aunin matuƙa, wanda ake ninkawa da 1.85 a sami kilomita a sa'a. Akwai zafi, da digirin da raɓa za ta fara sauka. Idan ka ga 31 da 2, danshi bai wuce kashi 16 ba. Yawan tazarar lambobin biyu, yawan bushewa. Sai dai filin jirgi ba Falgore ba ne. Dajin yana can kudu, tafiyar sama da kilomita ɗari, ya fi samun ruwa, ciyawarsa ta fi tsayi da kauri, ga tuddai masu karkatar da iska. Sannan ita tashar a tsayin mita 10 take auna iska, a fili fetal, wadda ke kaɗa harshen wuta a cikin itatuwa kuwa ta fi ta rauni. Dole ayarin da ya fita ya riƙa auna nasa. Ƙaramar na'urar hannu mai auna zafi da danshi da iska ta wadatar. A auna duk sa'a, a inuwa, daidai ƙirji, nesa da hucin wutar, a rubuta, a aika wa mai hasashe ya gyara nasa. In babu na'ura akwai ido: ganye da tuta suna kaɗawa ba tsayawa, iska tana tsakanin kilomita 12 da 19; ƙura da takarda sun fara tashi, 20 zuwa 28; ƙananan itatuwa suna rangaji, ta kusa 30 ko ta wuce.

Waɗannan lambobi suna da fassara a aikace. Harshen wuta da bai wuce mita 1.2 ba, wato ƙirjin mutum, ana iya tunkararsa da ɗanyen reshe, shebur da feshin goyo. Daga nan zuwa mita 2.4 sai mota da tiyo. Abin da ya haura haka ba a tsayawa gabansa, a gefe ake bi ana matse shi, ko a koma baya a yi masa tarko a hanya ko rafi. Gamba da ta fi mutum tsayi, a ranar iska, harshenta ya wuce duk wannan. Layin tare wuta, wato filin da aka nome tas har ƙasa, ana son faɗinsa ya kai aƙalla tsawon harshen sau ɗaya da rabi. Layin mita uku da ya tare wutar Nuwamba, ta Maris tsallake shi za ta yi, musamman idan akwai itace ko busasshiyar kashin shanu kusa da ke jefa garwashi gaba. Wutar tarbe kuma, wadda ake kunnawa daga bakin layi don ta cinye ciyawar kafin babbar ta iso, ba a yin ta sai an tabbatar iska ba za ta juya ba cikin sa'o'in da ke tafe. In ba haka ba an ƙara wa gari gobara ta biyu da hannun hukuma.

Tauraron ɗan'adam yana taimakawa, amma kada a ɗora masa abin da ba zai iya ba. Shafin FIRMS na hukumar NASA yana nuna ɗigon wuta kyauta, daga na'urar MODIS mai ganin murabba'in kilomita guda da VIIRS mai ganin mita 375. Sau kaɗan suke wucewa a yini, VIIRS wajen ɗaya da rabi na rana da na dare, bayanin kuma yakan ɗauki har sa'a uku kafin ya fito. Ga wutar da ke cin kilomita 6 a sa'a wannan ihu ne bayan hari. Wadda aka kunna da la'asar ta mutu da isha ma ba za su gan ta ba. Meteosat na Turai, da ke tsaye a saman Afirka, yana ɗaukar hoto duk minti 10 zuwa 15, sai dai ƙaramar wuta tana kuɓuce masa, ƙura mai kauri kuma tana rage wa dukkansu gani. Babban amfaninsu a wurinmu shi ne tarihi: a tara ɗigon shekara goma a ga wane gefen daji ne ke kamawa, a wane mako, a san inda za a yi layi tun Oktoba.

Hasashe ba don kashewa kaɗai yake ba, har da kunnawa. Tsofaffin gwaje-gwajen gandun daji, irin na Olokemeji a kudu maso yammacin Najeriya da aka fara a 1929, sun nuna ƙunar ƙarshen rani tana kashe itatuwa, ta farkon rani kuwa da yawansu suna tsira. Dalili a fili yake. A ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba rabin ciyawar ɗanya ce, wuta tana tafiya da ƙyar, tana barin tsibirai, dare ya yi ta mutu da kanta. Idan za a yi irin wannan ƙuna a gefen daji ko hanya, ana son yammacin da iska ba ta kai kilomita 15 ba, alƙiblarta tsayayya, a kunna bayan la'asar lokacin da danshi ya fara hawa. Sai kuma tambayar da aka fi mantawa: yaya hantsin gobe zai kasance? Kututture da gungume suna kwana da wuta a ciki. Idan gobe ranar iska ce, yau ba ranar ƙuna ba ce, komai kyan yammacin. Hayaƙin ma abin lissafi ne, domin sanyin dare yana danne shi a ƙasa, ya kwanta kan titi ya rufe wa direba ido, ko ya cika unguwa ya tayar wa masu asma.

Mutumin birni zai ce ina ruwansa da wutar daji. Iskar da ta busar da gamba ita ce ta busar da katakon Na'ibawa, da buhunan Dawanau, da rumfunan kasuwa, da zana da dannin gidajen bakin gari. Gobarar kasuwar Singa ta Fabrairun 2016 da ta Sabon Gari ta Maris ɗin shekarar duk a tsakiyar wannan lokaci suka faru. Hasashe ba zai hana wayar lantarki yin tartsatsi ba, amma zai gaya wa hukumar kashe gobara ranar da bai kamata a ba kowa hutu ba, a kwana da tankoki cike, a matso da mota kusa da kasuwa, a hana ƙona bola da walda kusa da kaya. Haka gonakin alkama na Kadawa da Kura a watan Maris, lokacin da suka bushe suna jiran yanka.

Sanarwar da za ta yi wannan aiki ba ta wuce layi biyar ba: launin hatsarin gobe, lokacin tasowar iska da inda za ta fito, mafi ƙarancin danshi da sa'arsa, ko akwai hadari ko juyin iska, sai hukunci a fili, a ƙona ko kada a ƙona. Ta fita da Hausa, da yamma, kafin mutum ya kwanta da niyyar sharar gobe, a maimaita bayan asuba. Gidajen rediyon Kano sun isa ko'ina, ga WhatsApp, ga hakimai da dagatai da masu unguwanni, ga sarakunan dawa da ardo-ardo, waɗanda su ne ke da faɗa a ji a wurin masu ashanar.

Kada kuma a rufe ta ranar da aka yi ruwan farko. Yayyafin Mayu yana jiƙa tsohuwar ciyawa ne na 'yan sa'o'i, rana ɗaya mai zafi ta mayar da ita yadda take, kuma lokacin ne manoma suka fi ƙona sharar gona don shirin shuka, a daidai makonnin da iska ta fi juyawa. Sai sabuwar ciyawa ta fito ta rufe tsohuwa, wanda a kewayen Kano yakan kai cikin Yuni, a Doguwa kuma ya ɗan riga haka.